Wata bakwai ina auna ƙanƙarar kwamfuta da ta ɗakin gwaji

Ranar da Malam ya ba ni aikin, a tsaye ya faɗa mini shi, yana tattara takardu zai shiga aji. Ya ce in ɗauki nau'o'in ƙanƙara shida, in gina kowanne a kwamfuta, in bar shi ya zauna a irin sanyi da matsin da aka auna shi a ɗakin gwaji, sannan in jera lambobina kusa da na masu awo, mu ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Na ce, "To Malam, in sha Allahu nan da mako biyu." Ya gyaɗa kai ya wuce. Wata bakwai aikin ya ci, kuma har yanzu akwai sauransa.

Ni ma sai da na fara digiri na biyu na san ƙanƙara iri-iri ce. Wadda ake fasa wa mutane a bakin titi da azumi, da wadda ke zubowa farkon damina ta kwantar da shuka, da ta cikin firij, duk ɗaya ce, ita masana ke kira Ih. A cikinta kowace ƙwayar ruwa tana riƙe da maƙwabta huɗu, sun yi zobba na shida-shida da sarari mai yawa a tsakani. Shi ya sa take yawo a saman ruwa, don giram 0.92 ne kacal a santimita kubik ɗaya. In aka matse ruwa da ƙarfi sosai, sai ƙwayoyin su sake zama. Bajamushe Gustav Tammann ne ya fara ganin haka a 1900, ya samo ta II da ta III. Percy Bridgman na Jami'ar Harvard ya ƙara ta V da ta VI a 1912, ya zo da ta VII a 1937. Yau lissafin ya kai 20 har ya ɗan haura. Ta VII ba ta samuwa sai matsi ya wuce gigafaskal 2, wato ninkin matsin iskar da muke shaƙa sau 20,000, kuma in aka ƙara matse ta tana nan daskare ko da zafi ya wuce na tafasar ruwa. A 2018 an tsince ta maƙale cikin lu'ulu'u, har da wanda aka haƙo a Orapa ta ƙasar Botswana. Nawa shidan su ne Ih, II, III, V, VI da VII.

Kayan aikina ba su da yawa: kwamfutar sashe guda ɗaya mai ɗan ƙarfi, manhajar GROMACS mai kwaikwayon motsin ƙwayoyi, da samfurin ruwa mai suna TIP4P/2005 wanda Abascal da Vega suka ƙera a Madrid ta Sifaniya. Samfurin yana ɗaukar ƙwayar ruwa, wato oksijin ɗaya da haidurojin biyu, a matsayin abu sandararre, ba ya miƙewa ba ya lanƙwasa. Tazarar oksijin da haidurojin angistirom 0.9572 ce (angistirom ɗaya bisa biliyan goma na mita ne), kusurwar da ke tsakanin hannayen haidurojin biyun digiri 104.52, kamar yadda aka auna su a tururi. Awon da zan gwada da shi kuwa duk na wasu ne, akasari daga cibiyar ILL ta Grenoble a Faransa da ta ISIS kusa da Oxford a Ingila, inda ake harba niyutron cikin ƙanƙara a duba yadda ya warwatsu. Muna da ƙaramin injin nukiliya na bincike a Zariya tun 2004, amma aikinsa gano sinadaran da ke cikin abu ne, ba leƙa tsarin ƙanƙara ba. Don haka ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikin sauran biyar ɗin, banda Ih, da idona ba. A takarda na san su.

Da Ih na fara, tunda ita ce ta gida. Na sauko da fayil ɗin CIF, wanda ke ɗauke da tubalin ƙanƙarar, wato ɗan ƙaramin yankin da in ka yi ta jera shi gaba da baya da sama, kamar mai ɗora bulo, zai ba ka ginin gaba ɗaya. Na ninka tubalin har ya ba ni ƙwayoyi 768, na miƙa wa manhaja, ta ƙi karɓa. Da na buɗe hoton a VESTA, manhajar kallon tsarin atam, sai na ga kowane oksijin da haidurojin huɗu kewaye da shi, alhali biyu ya kamata. Kwana biyu ina zargin fayil ɗin ya lalace, kafin idona ya kai kan wani ɗan layi da ke cewa kowane mazaunin haidurojin 0.5 ne a cike.

Babu rabin atam a duniya. Abin da layin ke nufi shi ne, in ka leƙa tubala miliyan, za ka tarar da haidurojin a wannan mazauni a rabinsu, a sauran rabin yana ɗaya gefen. Na'urar awo ba ta ganin ƙwaya ɗaya. Tana tara dukan ginin ne, tsawon awannin da aka yi ana awo, ta murƙushe shi cikin tubali guda. Kwamfuta kuwa sai ka gaya mata inda kowane atam yake takamaimai. Tun daga rana ta uku ke nan na gane hotuna biyu ne daban aka ce in gwada, amma sai da na ci karo da wannan gaskiya sau huɗu ko biyar, kowane karo da sabuwar fuska, kafin ta zauna mini.

Dokar zaman haidurojin Bernal da Fowler ne suka shimfiɗa ta a 1933: kowane oksijin yana da haidurojin biyu kusa da shi, kuma tsakanin kowane oksijin biyu maƙwabta haidurojin ɗaya ne tak. Dokar ta bar wa kowace ƙwaya fuskoki shida da za ta iya kallo, sai dai zaɓin kowace yana ɗaure na maƙwabtanta. Linus Pauling ya lissafa a 1935 cewa yawan hanyoyin jerawa ya kai kusan 1.5 a ninka da kansa sau adadin ƙwayoyin, kuma shekara guda bayan haka Giauque da Stout suka fitar da awon zafi da ya yi daidai da lissafinsa. A ɗan akwatina mai ƙwayoyi 768, hanyoyin sun kai lamba mai sifili 135 a bayanta. Ɗaya kawai zan iya ɗauka a kowane gudu.

Na zauna na rubuta ɗan shirin da zai jera mini su. Yana fara watsa haidurojin yadda ya ga dama, sannan ya yi ta matsar da su har sai babu oksijin da ya karya doka. Mako uku na yi a kansa, galibi da daddare, lokacin da batirin sola ke iya riƙe kwamfutar. Daga baya wani abokin karatu ya nuna mini GenIce, wadda Masakazu Matsumoto da abokan aikinsa suka rubuta a Jami'ar Okayama ta Japan, tana yin aikin cikin daƙiƙoƙi, har ta tabbatar fuskokin ƙwayoyin sun soke juna, akwatin bai karkata wa gefe ɗaya ta fuskar lantarki ba. Ita nake amfani da ita yanzu. Amma makonni ukun nan ba su tafi a banza ba. Da hannuna na ga yadda juya ƙwaya ɗaya ke tilasta a juya ta kusa da ita, ita ma ta tilasta ta gaba, har sai an zagayo an rufe zobe. Wannan ya yi mini rana daga baya.

Sakamakon farko ya faranta mini rai ƙwarai. A Ih, in ka raba tsayin tubali da faɗinsa za ka sami 1.628, ɗan ƙasa kaɗan da 1.633 da zai kasance in komai ya daidaita cif. Nawa ya fito 1.628 daidai. Na rubuta shi a littafi na ja masa layi. Bayan kwana biyu, ina shirya ƙanƙara ta V, sai na lura da wani saiti da na bari yadda na same shi: mai riƙe matsi yana faɗaɗa akwatin ko ya tsuke shi ta kowane gefe da kashi iri ɗaya. Ashe ba yadda za a yi rabon tsayi da faɗi ya canza. Lambar da na zuba daga fayil ita ce ta dawo mini, na tarbe ta kamar baƙuwa. Ta V ce ta tona asirin, don tubalinta a karkace yake, ƙwayoyi 28 ne a ciki, kusurwa ɗaya digiri 109.2, kuma dole a bar kowane gefe da kowace kusurwa su nemi wurin zamansu da kansu. Na sake komai daga farko.

Kuskuren da ya biyo baya ya fi sauƙin ganewa, ko da yake ya tayar mini da hankali na yini guda. Nauyin ƙanƙarata ta VI ya gaza na wata takarda da kusan kashi 10 cikin 100. Dalili shi ne masu niyutron ba sa amfani da ruwan da muke sha. Haidurojin na yau da kullum yana watsa niyutron barkatai, ya cika hoton da hazo, don haka suke daskarar da ruwa mai nauyi, wanda aka maye haidurojinsa da diyuteriyom. Ƙwayarsa ta fi tamu nauyi da kashi 11 cikin 100. Tun ranar na daina gwada nauyi, na koma gwada yawan filin da ƙwaya ɗaya ta ci.

Akwai kuma batun a wane hali aka yi awon. Barclay Kamb, wanda ya warware tsarin II da III da V da VI a Caltech cikin shekarun 1960, da hasken eksire ya yi aiki, a kan ƙanƙarar da aka haɗa a ƙarƙashin matsi, aka sanyaya ta da ruwan naitirojin, aka sauke matsin, aka ciro ta. A wannan sanyin ƙwayoyin ba su da ƙarfin sake zama, sai tsarin ya tsaya yadda yake, amma yana ɗan buɗewa. Ƙanƙara ta VI da aka ciro haka giram 1.31 ce a santimita kubik, wadda aka auna tana cikin matsin gigafaskal 1.1 a Kelbin 225 (a ma'aunin zafi na Kelbin, ruwa a 273 yake daskarewa) kuwa 1.37 ce. Dukansu gaskiya ne. Sau da yawa za ka ga an kwafo lambar zuwa wani jadawali an bar sharaɗinta a baya. Na koyi bin kowace lamba har gidan da aka haife ta, ko da zai ɗauke ni kwanaki kafin in samu takardar.

A wata na huɗu jadawalina ya yi kyau. Ih, II, III, V da VI duk sun faɗo cikin kashi ɗaya bisa ɗari na awon ɗakin gwaji. Na buga shi na kai ofis.

Malam ya duba ya daɗe. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Amma ka karanta takardar da aka ƙera samfurin nan a cikinta, daga farko har ƙarshe?"

Na ce, "Na ɗauki lambobin samfurin daga ciki, Malam."

Ya ce, "Je ka karanta inda suka faɗi abin da suka daidaita shi da shi, ka dawo."

Na karanta a daren. Waɗanda suka ƙera TIP4P/2005 ba su ɓoye komai ba, sun rubuta ƙarara cewa cikin abubuwan da suka yi ta murɗa samfurin har ya dace da su akwai nauyin ƙanƙara ta II a Kelbin 123 da na ta V a Kelbin 223 da matsin megafaskal 530 (megafaskal dubu ne gigafaskal ɗaya). Layuka biyun da na fi alfahari da su ke nan, a daidai waɗannan sharuɗɗa. Tela ya ɗinka riga da awon mutum, ni kuma na zo ina shelar cewa rigar ta zauna masa. Dacewar ta nuna ban yi kuskure wajen gudanar da kwaikwayon ba, wannan ma abin so ne, amma ba ta ce komai game da ko samfurin ya san ruwa ba. Wannan dare shi ne ya raba aikin gida biyu a wurina. Kafinsa ina farautar lambobin da suka dace. Bayansa na koma neman wuraren da ba a taɓa nuna wa samfurin amsa ba.

Wuri na farko da na nufa shi ne tsayin hannun ƙwaya, kuma a nan na fi daɗewa. Awon niyutron na Peterson da Levy a 1957 ya ba da tazarar oksijin da diyuteriyom a Ih kusan angistirom 1.01, kusurwa kuma dab da 109.5. Nawa 0.9572 ne da 104.52, kuma ba za su motsa ba, tunda a sandare aka ƙera su. Da farko na rubuta cewa samfurin ya gaza da kashi biyar cikin ɗari. Sai na tuna darasin rabin haidurojin. Na ɗauki guduna guda goma, kowanne da jerin haidurojinsa daban, na naɗe dukan hotunan cikin tubali ɗaya, na fitar da matsakaicin mazaunin kowane atam, sannan na auna tsakanin mazaunan, kamar yadda mai niyutron zai yi. Kusurwar ta buɗe ta koma kusa da 109. Tazarar ma ba ta tsaya a 0.9572 ba. Alhali babu ƙwaya ko ɗaya a cikin akwatin da siffarta ta canza. Na daɗe ina kallon allon.

Abin da ke faruwa shi ne oksijin ba ya zama daidai tsakiyar mazauninsa. Yana ɗan gocewa, kuma inda zai goce ya danganta da inda haidurojinsa biyu suka fuskanta. In aka tara duka, gocewar sai ta soke juna, oksijin ya bayyana a tsakiya, a wurin da kusan bai taɓa zama ba. Kuhs da Lehmann sun bi wannan batu da awon niyutron mai tsanani a shekarun 1980, suka nuna ainihin hannun bai kai 1.01 ba, kusurwar ma ba ta kai 109.5 ba. A ƙanƙara ta VII abin juyawa ya yi: hannun ya fito gajere, kusan 0.94, alhali a ƙanwarta ta VIII, mai tsari iri ɗaya amma haidurojinta a jere, kusan 0.97 ne. Ba ina cewa samfurina ya fita da laifi ba. Hannun ƙwaya yana ɗan miƙewa da gaske in ta riƙe maƙwabciya, kuma abu sandararre ba zai taɓa nuna haka ba. Sai dai kashi biyar ɗin da na rubuta da farko wani ɓangarensa na samfuri ne, wani na yadda ake awo, kuma ban isa in raba su ba sai da na sa kwaikwayona ya yi magana da harshen na'urar.

Ta III ce ta fi ba ni wahala. Ta II haidurojinta a jere suke tsaf, ta Ih a hargitse suke gaba ɗaya, amma III da V suna tsaka-tsaki. Awon da Lobban da Finney da Kuhs suka buga a 2000 ya nuna wasu mazaunan sun fi wasu cika, ba 0.5 ba ne ko'ina. Na ɗauka in na fara da hargitsattsen jeri, na bar kwamfuta ta yi ta gudu, ƙwayoyin za su nemo wa kansu zaman da ya dace. Ba su motsa ba. A ƙanƙara ta gaske, ko dab da narkewa, ƙwaya kan jira dubban nanosakan da dama (nanosakan ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa ne) kafin ta juya, kuma wasu 'yan tsirarun aibobi masu yawo cikin ginin ne ke juya ta. Nawa gudun nanosakan 10 ne, kuma akwatina ba aibi ko ɗaya. Jerin da na shuka ranar farko shi nake girba ranar ƙarshe. A ta III wannan ba ƙaramin abu ba ne, don siffar tubalin kanta tana bin jerin haidurojin. Rabon tsayi da faɗinta kusan 1.04 ne, na ƙanwarta ta IX mai jerarren haidurojin kuwa dab da 1.00. Nawa ya riƙa sauyawa daga jeri zuwa jeri. Har mutanen Madrid ɗin sun dawo kan batun a 2013, suka nuna cewa in aka bar samfurin ya zaɓi jerin da yake so, yankin da ta III ke mulki a taswirar zafi da matsi ya fi faɗin da aka lissafa masa tun farko.

Wani abin da ya ruɗe ni shi ne ƙanƙarar da ba ta narkewa. Na ɗaga zafin Ih zuwa Kelbin 270, ta zauna daram, na ce madalla, tunda ta gaske a 273 take narkewa. Ashe ƙanƙarar wannan samfurin a wajen 250 take narkewa. Ta ƙi narkewa ne don akwatina ba shi da baki, kowane gefe yana komawa ya haɗe da kishiyarsa, narkewa kuwa daga baki take farawa. Sai da na haɗa ƙanƙara da ruwa a akwati ɗaya, fuska da fuska, na ga ruwan yana cinye ta. Tsarin da ya tsaya a kwamfuta bai zama lallai shi ne samfurin ya fi so ba. Tsohon samfurin SPC/E misali ne mai kyau: Ih ɗinsa a Kelbin 215 take narkewa, kuma a matsin iska na yau da kullum ta II ce ta fi ta kwanciyar hankali. A duniyar wannan samfurin, ƙanƙarar firij nitsewa za ta yi a kofi. Duk da haka in ka gina masa Ih ka duba hotonta, ba za ka ga abin zargi ba.

A sanyi mai tsanani kuwa rabuwar a fili take. Awon da Röttger da abokan aikinsa suka buga a 1994 ya nuna Ih tana tsukewa in ana sanyaya ta, sannan ta daina, har a ƙasa da wajen Kelbin 70 ta juya tana ɗan buɗewa. Tawa ta ci gaba da tsukewa a miƙe har ƙasa. Haidurojin atam ne marar nauyi sosai, dokokin kwantam, wato na 'yan ƙananan abubuwa irinsa, ke tafiyar da shi, yana da wata rawa da ba ta tsayawa ko an kai ƙarshen sanyi. Lissafina na dokokin Newton ne, a wurinsa sanyi tsayawa ce cak. Ƙanƙarar ruwa mai nauyi ma tubalinta ya ɗan fi na ruwan sha girma, da kusan kashi 0.1 cikin 100, saɓanin abin da aka saba gani a yawancin abubuwa. A irin kwaikwayona ko na ninka nauyin haidurojin sau goma, tsarin ba zai canza ba. Na cire duk wata gwadawa ta ƙasa da Kelbin 100 daga jadawalin dacewa, na ba su shafinsu daban, na rubuta dalili.

Ina son ƙanƙara ta VII fiye da sauran, don ita ce ta rushe mini wani zato. Na ɗauka matsi gajarta riƙon da ke tsakanin ƙwayoyi yake yi. A Ih tazarar oksijin da maƙwabcinsa angistirom 2.76 ce, a VII kuwa, duk da matsin nan, kusan 2.9 ce. Riƙon ƙara tsawo ya yi. Ruwa yana cin matsi ne ta hanyar cusa ƙwayoyi cikin sararin da ke tsakanin zobba. A VII saƙa biyu ne cikakku suka shige cikin juna ba tare da sun riƙe juna ba, kowane oksijin da maƙwabta takwas, huɗu nasa, huɗu na ɗaya saƙar. Kwaikwayon ya nuna wannan da kyau, ko da yake tubalinsa ya fi na awo girma, don ba a irin wannan cunkoso aka ƙera samfurin ba.

Wata rana na ɗaga mata zafi don in ga inda za ta narke, sai na ga abin da ban gane ba. Oksijin suna nan a mazaunansu, amma ƙwayoyin sun fara juyawa a inda suke. Na rubuta a littafi cewa samfurin ya fita hayyacinsa, na wuce. Bayan makonni Malam ya turo mini wata takarda ta 2025, ba tare da ya rubuta komai a kai ba. Masu bincike a ILL sun auna wannan hali da niyutron, a zafin da ya haura Kelbin 450 da matsin gigafaskal da dama. Kwaikwayon kwamfuta, da samfura 'yan gidan nawa, ya hango shi tun 2008 da 2009 a Japan da Sifaniya, aka yi shekara 15 da ɗoriya ana jiran na'ura ta tabbatar. Awon ya kuma gyara hoton, ya nuna juyawar a tsalle-tsalle take, daga wata fuska zuwa wata. Na koma na buɗe tsohon guduna. Ya yi mini ciwo cewa na gani na kau da kai, amma na fi jin daɗin cewa abin da na gani gaskiya ne.

Kada wani ya ɗauka kwamfuta ce kullum a gaba. Kafin a samo jerarriyar ƙanwar VI, lissafin DFT, wanda ke bin elektiron ɗin kansu, ya ce ƙwayoyinta za su karkata gefe ɗaya ta fuskar lantarki. Da Christoph Salzmann da abokan aikinsa suka haɗa ta a 2009, bayan sun ɗiga ɗan asid don ƙwayoyin su samu damar juyawa a cikin sanyi, awon ISIS ya nuna fuskokin soke juna suka yi. Ita ce XV. Bambancin ƙarfi tsakanin jeri da jeri ƙanƙane ne har ƙaramin kuskuren lissafi zai iya juya wanda ke sama ya koma ƙasa. A 2021 kuma aka ba da rahoton wata ƙanwar ta biyu ga VI ɗin, XIX, daga Innsbruck da kuma Japan.

Jadawalin da na miƙa a wata na bakwai ya fi na wata na huɗu faɗi sau biyu, kuma bai kai shi kyan gani ba. Gaban kowace lambar awo akwai gurbin da ke faɗin ko ruwa mai nauyi ne ko na sha, ko a cikin matsi aka auna ko an ciro, eksire ne ko niyutron, da kuma ko masu ƙera samfurin sun riga sun ga lambar. Gaban kowace lambata akwai adadin jerin haidurojin da na gwada da yadda suka saɓa wa juna. Layin ta III na bar masa alamar tambaya. Malam ya sa biro a kan alamar ya ce, "Wannan fa?" Na ce masa ina gyara tsohon shirina na makonni uku, in sa shi ya riƙa juya zobe guda cur na ƙwayoyi lokaci ɗaya, ya karɓa ko ya ƙi gwargwadon ƙarfin da juyin ya ci, don samfurin ya zaɓi jerinsa da kansa. Ya ce in fara da ƙaramin akwati, in riƙa ajiye aikin kowane minti goma saboda wuta. Jiya da daddare na kunna gudu na farko, ƙwayoyi 324, a Kelbin 250 da matsin megafaskal 280.